Ko Alƙali Na Bukatar Ido? Tunani a Kan Zayyanar Littattafan Shari'ar Majami'a a Turai ta Dauri

Hausawa na cewa gani ya kori ji, suna kuma cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Amma duk wanda ya taɓa lura da mutum-mutumin da Turawa kan kafa a ƙofar gidajen shari'arsu, ya san siffar mace ce riƙe da ma'auni da takobi, an ɗaure mata idanu da ƙyalle. Manufar ɗaurin ita ce mai yanke hukunci bai kamata ya san fuskar kowa ba: da sarki da talaka, da ɗan'uwa da baƙo, duk ɗaya suke a gabansa. To, wanne ya fi kusa da adalci, alƙalin da ya runtse ido, ko wanda ya buɗe ya dubi mutanen da ke durƙushe gabansa?

Wannan tambaya ta shafi duk wanda aka taɓa ɗora wa nauyin raba gardama, ko alƙali ne, ko maigari, ko malamin da ke duba takardun jarrabawa. Domin a auna ta da kyau, za mu ziyarci wani wurin da ba a cika zaton samun amsa ba, wato littattafan shari'ar majami'ar Katolika waɗanda aka rubuta da hannu a Turai tsakanin ƙarni na 12 da na 14, aka ƙawata su da hotuna masu launi da zinariya. Ƙyallen da ke idon waccan mace ya zo ne bayan waɗannan littattafai. A zanen da ke cikin littafin Sebastian Brant da aka buga a birnin Basel a 1494, wawa ne ke ɗaure mata idanu, don izgili ga masu wasa da shari'a. Sai a ƙarni na 16 ne ɗaurin ya zama alamar yabo, kamar yadda ake gani a mutum-mutumin da aka kafa a birnin Bern a 1543. Kafin nan, ɗalibin shari'a yakan buɗe littafinsa ne ya tarar da fuskoki na kallon sa.

Littattafan da makarantarsu

Wajen shekarar 1140, a birnin Bolonya na ƙasar Italiya, wani malami mai suna Girasiyan (Gratianus) ya tattara nassoshi kusan 4,000 daga Littafi Mai Tsarki, da wasiƙun Fafaroma daban-daban, da hukunce-hukuncen manyan tarukan majami'a, da maganganun malaman farko. Ya tarar suna karo da juna, sai ya sa wa aikinsa suna mai ma'anar daidaita dokokin da suka saɓa. Daga baya aka riƙa kiran sa Decretum a taƙaice. Kashi na farko yana da babi 101. Kashi na biyu, wanda ya fi shafar zancenmu, ya ƙunshi mas'aloli 36, kowace tana farawa da ɗan gajeren labari ƙirƙirarre: wani mutum ya yi kaza, wata mata ta yi kaza, ga abin da ya biyo baya. Daga labarin sai malamin ya ciro tambayoyi, ya jera nassoshin da ke goyon bayan kowane ɓangare, sa'an nan ya nemi hanyar sulhunta su.

A 1234 Fafaroma Girigori na 9 ya fitar da wani kundi na biyu, wanda Raymond na Penyafort ya tsara masa, ya aika da shi jami'o'in Bolonya da Pari domin a koyar. An kasa shi littafi 5: alƙali, tsarin shari'a, malaman addini, aure, laifuffuka. Waɗannan kundaye, da ƴan ƙarin da suka biyo a 1298 da 1317, su ne suka zama ƙashin bayan shari'ar majami'a, har zuwa 1917 lokacin da aka maye gurbinsu da sabon tsari. Kada mai karatu ya ɗauka dokoki ne na cikin ɗakin ibada kawai. A wancan zamani kotunan majami'a ne ke duba sha'anin aure da halaccin ƴaƴa da rantsuwa da riba, a wasu ƙasashen har da wasiyya. Ke nan abin da ɗalibi ya karanta a Bolonya yana iya raba miji da mata a wani ƙauyen Ingila ko na Polan.

Siffar shafin ba za ta zama baƙuwa ga wanda ya yi karatun zaure ba. Matani na tsakiya da manyan baƙaƙe, sharhi ya kewaye shi ta kowace kusurwa da ƙananan baƙaƙe, kamar yadda hashiya ke kewaye matanin littattafan fiƙihu. A kan fata ake rubutun, ta maraƙi ko ta tunkiya ko ta akuya, kuma kundi guda na iya cin fatun garke sukutum. Jami'a na da masu shagunan da ke riƙe da kwafin da aka tantance, an rarraba shi juzu'i-juzu'i. Mai kwafa ya yi hayar juzu'i ɗaya, ya gama ya maido, ya karɓi na gaba. Idan ya zo farkon wata mas'ala sai ya bar fili. Wannan fili na mai zayyana ne, wanda zai zo daga baya da zinariyar da aka buga ta yi fale-fale kamar ɓawon albasa, da jan launi, da shuɗi, wanda mafi tsadarsa daga dutsen lazawardi na tsaunukan Badakshan na Afganistan ake samo shi. A kwafe-kwafen ƙarni na 12, mutum ɗaya ko biyu ake cusawa a cikin harafin farko. Zuwa ƙarni na 14 hoton ya faɗaɗa, ya zama dandali mai ɗauke da alƙali da masu ƙara da shaidu, kuma sunayen masu zane irin su Niccolò da Bologna suka shahara.

Don wa aka yi wannan wahala?

Majami'a na da tsohuwar hujjar da take kare hotuna da ita. Wajen shekarar 600, Fafaroma Girigori na 1 ya rubuta wa Serenus, bishof na birnin Marsai, wanda ya farfasa hotunan da ke majami'unsa don tsoron kada a bauta musu. Ya yaba masa da ya hana sujada ga hoto, amma ya zarge shi a kan fasawar, bisa dalilin cewa hoto na yi wa wanda bai iya karatu ba aikin da rubutu ke yi wa mai karatu. Wannan wasiƙa tana cikin kashi na ƙarshe na Decretum kansa. Sai dai hujjar ba ta hau kan littattafan da muke magana a kai ba, domin babu jahilin da zai taɓa riƙe su. Da Latin aka rubuta su, masu su kuwa malamai ne da lauyoyi da manyan limamai, mutanen da karatu ne sana'arsu.

Amsa ta biyu ita ce alfahari, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Odofredus, malamin shari'a a Bolonya wanda ya rasu a 1265, yakan ba ɗalibansa labarin wani uba da ya aika ɗansa karatu Pari da kuɗin guzuri mai kauri, yaron ya ɓatar da su wajen sa a cika masa littattafai da birai da haruffan zinariya. Tun kafin haka, wajen 1125, Bernard na Clairvaux ya yi tir da dodanni da birai da zakokin da ake sassaƙawa a gidajen masu zuhudu, yana kukan cewa suna ɗauke hankalin ƴan'uwa daga karatu, kuma ko ba a ji kunyar shirmen ba, ya kamata a ji zafin kuɗin. Ba shakka littafi mai zinariya na shelar arzikin mai shi, kamar yadda babbar riga mai aska takwas ke yi.

Amsa ta uku ta aiki ce. Kundi ne mai ɗaruruwan shafuka masu kama da juna, ba kuma kowane kwafi ke da lambar shafi ba. Hoton ɗaurin aure na gaya wa mai nema cewa ya iso littafi na 4, hoton limami a gaban bagade na nuna masa littafi na 3. Haka kuma hoto na taimakon hadda, domin abin da ido ya gani ya fi zama a ƙwaƙwalwa.

Dukan amsoshin nan uku daidai ne, amma ba su ƙare zancen ba. In don alama ce kawai, babban harafi ja ya isa. In don nuna arziki ne, furanni da zinariya sun isa. Me ya sa sai mutane, kuma mutanen da ke cikin tsaka mai wuya?

Matar wanda aka kama a yaƙi

Bari mu ɗauki mas'ala ta 34. An kama wani mutum a yaƙi, aka tafi da shi bauta. Matarsa ta samu labarin ya mutu, ta yi wani aure. Bayan lokaci sai ga shi ya dawo yana neman matarsa, ita kuwa zuciyarta ta riga ta koma ga na biyun. Tambayoyin su ne: ta yi zina? Kuma za a tilasta mata komawa gidan na farko? Girasiyan ya dogara da wasiƙar da Fafaroma Liyo na 1 ya aika wa bishof na Akileya a 458, shekaru kaɗan bayan da rundunar Atila ta rushe birnin a 452 ta kwashe mutane. Hukuncin shi ne, babu laifi a kanta ko a kan miji na biyu, tun da bisa rashin sani suka yi. Amma auren farko na nan daram, dole ta koma, in ta ƙi a fitar da ita daga jama'ar masu bi.

Mas'alar ba baƙuwa ba ce a ƙasar da maza ke tafiya ci-rani su shekara ba labari. Malamanmu na Malikiyya sun san ta da sunan matar wanda ya ɓata, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 996, ta yanka mata shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, sa'an nan idda. Ba muna gwada hukunci da hukunci ba ne a nan. Abin lura shi ne yadda nassi, kowane iri ne, ke magana. Yana cewa "wani mutum", "wata mata". Ba suna, ba shekaru, ba a faɗi ko akwai goyo a bayanta ba. Haka ya kamata ya kasance, domin doka ba za ta zama doka ba sai ta hau kan kowa. Amma wannan tsiraitawar tana da farashi: ɗalibin da ya shekara 6 ko 7 yana jujjuya "wani" da "wata" yana iya mantawa cewa ranar da zai hau kujera, masu jini da hawaye ne za su tsaya gabansa.

Mai zayyana ba shi da damar da marubuci ke da ita. Ba a zana "wata mata". Da zarar ya ɗora alƙalaminsa a fata, tilas ya yanke: yarinya ce ko dattijuwa? Ina fuskarta ke kallo, wajen wanda ya dawo ko wajen wanda za a raba ta da shi? Hannunta a sake yake ko wani na riƙe da shi? Shi wanda ya dawo, da tsumma zai tsaya ko da rigar mutunci? Ko ɗan ƙaramin zane ne da bai fi tafin hannu ba, sai ya mayar wa mas'alar abin da nassi ya tuɓe mata, wato jiki da tsayuwa da kallo. Kuma saboda hoton a farkon mas'ala yake zama, ɗalibi na ganin mutanen kafin ya karanta hukuncinsu. A ganina wannan jeri shi ne babban darasin waɗannan littattafai: fuska tukuna, sa'an nan ƙa'ida.

Haka abin yake a sauran mas'alolin. Ta 1 labarin uba ne da ya kai ɗansa ƙarami gidan masu zuhudu, shugaban gidan ya nemi kuɗi, ya biya. Yaron ya girma bai san an saya masa gurbi ba, har ya zama bishof. Shin laifin da bai sani ba zai ci shi? A rubuce, tambaya ce ta ƙa'ida. A zane kuwa, ga yaro tsaye tsakanin manya biyu, kuɗi na wucewa daga hannu zuwa hannu, shi bai san hawa ba bai san sauka ba. Ta 29 kuwa labarin ƴar manyan gida ce da bawa ya aura da sunan wani ɗan sarauta. Duk wanda ya tsaya ya ƙura wa irin waɗannan hotuna ido, ya san ana shirya shi ne ya yi hukunci a kan rayuwar wani.

Lokacin da hotunan suka bunƙasa ma abin lura ne. Babban taron Lateran na 4, a 1215, ya hana malaman addini sa albarka a gwajin ƙarfe mai wuta da na ruwa, wanda a da ake barin wa Allah ya bayyana mai gaskiya ta hanyarsa. Taron ya kuma wajabta a riƙa rubuta duk abin da ya gudana a kotu. Daga nan nauyin gano gaskiya ya sauko kan ɗan Adam: ya saurari shaidu, ya auna maganarsu, ya lura da wanda ke rawar murya. Shi ya sa a hotunan kotu ake yawan ganin magatakarda zaune kusa da ƙafafun alƙali yana rubutu, lauyoyi na nuni da yatsa. Shari'ar da ta koma hannun mutum tana bukatar mutumin da ya iya kallo.

Inda ido ke cin amana

Da a nan zancen ya tsaya, da sai mu ce a kwance wa waccan mace ƙyallenta kowa ya huta. Amma masu ɗaure mata ido ba wawaye ba ne duka. Girasiyan kansa, a cikin mas'ala ta 11, ya kawo tsohuwar magana da ke lissafa abubuwa 4 masu karkatar da hukuncin ɗan Adam: tsoro, da kwaɗayi, da ƙiyayya, da so. In aka duba da kyau, duka huɗun ta ƙofar ido suka fi shigowa. Ganin rawani ke kawo tsoro, ganin jaka ke ta da kwaɗayi, ganin baƙon fuska ko ta ɗan'uwa ke motsa ƙi da so.

Hotunan kansu ba su kuɓuta daga wannan ba. Mai zane ba ya nuna mutane kawai, yana jera su. Fafaroma ko bishof na zaune a sama, sau da yawa ya fi kowa girman jiki. Mai ƙara na ƙasa, a durƙushe. A shafin farko na Decretum an saba zana masu iko biyu, na addini da na sarauta, kuma inda aka ajiye kowannensu, wa ke dama, wa ya fi tsawo, wa ke karɓa daga hannun wa, hukunci ne a kan rigimar da ta ci ƙarnoni tsakanin Fafaroma da sarakunan Jamus, an yanke shi da launi ba tare da an kawo hujja ko ɗaya ba. Nassi in ya yi da'awa, sharhi na iya yi masa gardama a gefe. Hoto kuwa ba a yi masa hashiya, shiga yake yi kai tsaye ya zauna.

Abin ya fi muni ga waɗanda ke wajen garke. Taron 1215 ɗin nan da ya gyara tsarin kotu, shi ne kuma ya umarci Yahudawa da Musulmin da ke zaune a ƙasashen Kirista su bambanta tufafinsu, domin a gane su da gani. Masu zanen zamanin sun saba nuna Bayahude da hula mai tsini, wani lokaci da fuskar da aka munana da gangan. Mas'ala ta 23, wadda ke tattauna halaccin yaƙi da tilasta wa ƴan bidi'a, kan zo da hoton mayaƙa cikin sulke, an riga an nuna wa mai kallo ɓangaren da zai tsaya. Ɗalibin da ya girma da irin wannan kallo ya koyi gane mai laifi tun kafin a buɗe baki. Kada kuma a manta cewa daga cikin masu wannan ilimi ne aka samu alƙalan binciken bidi'a, waɗanda Fafaroma Inosan na 4 ya halatta azabtar da wanda ake tuhuma a shari'o'insu a 1252.

Malaman wancan zamani sun san wannan haɗari, shi ya sa suka daɗe suna muhawara a kan wata tambaya mai wuya: idan alƙali ya san gaskiya da idonsa, amma shaidun da aka kawo suka nuna akasinta, da wanne zai yi hukunci? Toma na Akwino, wanda ya rasu a 1274, ya tafi a kan cewa alƙali na zama ne da ikon jama'a, don haka da abin da aka tabbatar a gaban kotu zai yi aiki. In ya san wanda ake tuhuma ba shi da laifi, sai ya tsananta wa shaidu tambaya ko zai kama su da ƙarya, ko ya miƙa shari'ar ga na sama da shi. Mazhabar Malikiyya ma ta hana alƙali yin hukunci da saninsa na kansa. Dalilin a fili yake: alƙalin da aka yarje wa ya ce "na gani da idona" ya fi ƙarfin kowa, domin ba mai iya shiga idonsa ya bincika.

Zomaye a ƙasan shafi

Akwai wani kwafin kundin Girigori na 9 da ke ajiye a babban gidan littattafai na Birtaniya a Landan, wanda aka fi sani da kundin Smithfield. An rubuta shi a kudancin Faransa wajen 1300, sa'an nan wajen 1340 masu zane a Landan suka cika ƙasan shafukansa da hotuna fiye da 600, waɗanda akasarinsu ba ruwansu da dokokin da ke samansu. A wani jeri, zomaye sun harbi maharbi, sun ɗaure shi, sun gurfanar da shi gaban alƙali zomo, sun sare masa kai. A wani, kare suka kama, suka yi masa shari'a, suka ɗora shi a amalanke zuwa wurin rataya. A wani wurin kuma ga dila irin na Turai, da hular bishof da sandarsa, yana yi wa dinyoyi da kaji wa'azi. Wanda ya san dalilin da ya sa tatsuniyoyinmu ke kiran dila malamin daji ba ya bukatar a yi masa fassara.

Ana iya cewa raha ce kawai, irin birai ɗin da suka cinye kuɗin uban ɗalibin nan. Amma a dubi inda rahar ta zauna. A sama ga dokar da ke bayyana yadda ake shigar da ƙara da yadda ake yanke hukunci. A ƙasa ga tsarin nan dai, ba a rage komai ba, da kamu da gurfanarwa da zartarwa, sai dai an juya masu zama. Zomayen ba su karya ƙa'ida ko ɗaya ba. Abin da hoton ke tambayar mai littafin shi ne: wannan tsari da kake koyo, za ka yarda da shi ranar da kai ne a ɗaure, wanda ka saba farauta kuma na kan kujera? In ba za ka yarda ba, to abin da ke hannunka ƙarfi ne da ya ari rigar shari'a. Wannan kallo na uku ya bambanta da na farko, mai jawo tausayi, da na biyu, mai jawo son kai. Shi alƙali yake juya wa ido ya dubi kansa.

Gurbin da aka bari

Hoton da ya fi kowane yawa a waɗannan littattafai shi ne bishiyar dangantaka. Majami'a ta haramta aure tsakanin dangi har zuwa mataki na 7, sai taron 1215 ya rage zuwa na 4. A lissafinsu wa da ƙanwa mataki na 1 ne, ƴaƴan wa da ƙane na 2, haka har zuwa waɗanda suka haɗa kakan kaka. Ke nan auren zumunci da muka sani haramun ne a wurinsu sai da izini na musamman. Domin sauƙaƙa lissafin, akan zana wani dattijo mai kambi riƙe da bishiya mai da'irori, kowace da sunan dangantaka a ciki: uba, kaka, jika, ɗan baffa. A tsakiya kuwa akwai da'ira guda wadda a kwafe-kwafe da yawa ake bari ba suna, wani lokaci a sa ƴar fuska kawai. Daga ita ake fara ƙirga. Gurbin wanda ya zo da tambaya ne, ko wane ne shi.

A wannan da'ira, ina ganin, amsar tambayarmu take. Tana da fuska, saboda haka mutum ne. Ba ta da suna ko rawani, saboda haka kowa ne. Abin da ake so alƙali ya runtse ido a kansa shi ne matsayi: dukiya, dangi, addini, launin riga. Abin da ake so ya buɗe ido a kansa shi ne halin da mutum ke ciki: abin da ya sani da abin da bai sani ba, abin da zai rasa in hukunci ya faɗo masa. Wanda ya rufe ido gaba ɗaya zai mayar da matar fursuna gidan da ba ta so, ya tashi bai ji komai ba, kuma rashin jin nan shi ne zai hana shi neman sassauci inda doka ta bar ƙofa. Wanda ya buɗe gaba ɗaya ba linzami zai ba kyakkyawa gaskiya, ya hana mai hula mai tsini. Ido na da aikinsa kafin hukunci, wajen fahimtar abin da ke gaba da jin nauyinsa, da kuma bayan hukunci, wajen zartarwa da rahama. Amma a lokacin auna hujja, abin da aka tabbatar a bainar jama'a shi kaɗai ke hawa ma'auni. Ido ba mudu ba ne, in ji Hausawa, amma ya san kima. Kuskuren shi ne a mayar da shi mudun, ko a ce tun da ba mudu ba ne a ƙwaƙule shi.

Littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu ba su ɗauki surar mutum ba. Zayyanarmu ta tsaya ga zane-zanen layi da launi, irin na allon sauka da na Alƙur'ani rubutun hannu. Amma aikin da hoto ya yi a Bolonya, bakin malami ne ke yin sa a nan, sa'ad da ya ajiye matani ya ce: a ɗauka ga Malam wane ya tafi fatauci, ga matarsa da ƴaƴa uku, ga damina ta kama. Da ɗab'i ya zo Turai a ƙarni na 15, hotunan mas'aloli suka yi ta raguwa a littattafan shari'a, kuma kundayen dokokin zamani, waɗanda ɗalibanmu ke haddacewa da lambobin ayoyinsu, ba fuska ko ɗaya a cikinsu. Filin da mai kwafa ya saba bari a farkon mas'ala yana nan, ko da ba a ganin sa a takarda, kuma malamin da ke gaban aji ne ya gaji cika shi. Ya rage gare shi ya lura da irin fuskar da yake zanawa a zukatan ɗalibansa: wa yake ɗorawa a sama, wa yake durƙusarwa, wa yake sa wa hular da za ta sa a gane shi tun daga nesa.